Gishirin da Ba Wanda Ya Zuba

Aalborg,
Lahadi, 9 ga Maris.

Zuwa ga Yayana Torben,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Ximena da yara, Allah ya sa haka. Yaya Puerto Montt, yaya aikin kifi, yaya kuma gwiwar nan da ka ce tana yi maka tsiya in za ka hau kwale-kwale? Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma rage maka taurin kai ka je a duba ta. Mu nan lafiya lau muke. Ku can kudancin duniya kuna sallama da zafi, mu kuwa sanyi ya ƙi sakinmu, ko jiya sai da na kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin in fita. Maigidana Flemming ya gama gyaran rufin garejin nan da ya ce mako biyu zai ɗauke shi, tun watan Agusta. 'Yata Signe ta ci jarrabawar tuƙi a karo na uku, yanzu motata ta zama tata, ni ce mai aro. Laburaren da nake aiki yana nan yadda ka san shi, tsofaffi na zuwa karanta jarida suna barci a kai.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali muna magana a waya duk Lahadi. Da gangan na yi, Signe za ta ɗauki hoton shafukan ta tura maka yau ɗin nan. In a waya ne, kafin in kai rabi za ka katse ni da “to, a taƙaice dai me ya faru”, ni kuwa wannan magana ba ta taƙaituwa. Maganar Baba ce. Kada gabanka ya faɗi, yana nan da ransa da lafiyarsa, har da bakinsa. Amma ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka taɓa waya.

Ka tuna zaman da muka yi bara a kicin ɗin gida a Ålbæk, bayan an sallamo shi daga asibiti. Zuciyarsa ta buga a kan gadar nan mai tsani da masu wanka ke sauka ruwa, yana fitowa daga teku, kuma da ba don abokinsa Kawu Viggo yana kusa ba, da yanzu wani zance ake yi. Kai ka ce a kai shi gidan kula da tsofaffi na Frederikshavn, ni na ce a bar shi a gidansa, muka yi ta ja har kofi ya huce. A ƙarshe muka tsaya a kan sharaɗi biyu. Zai zauna a gidansa muddin hankalinsa yana ɗaukar al'amuran gida, kuma muddin ya rabu da shiga teku lokacin sanyi. In ɗaya ya karye, zai koma Frederikshavn ba gardama. Ya amince a gabanmu mu biyu. Shekara arba'in da ɗaya yana faɗawa ruwan nan kowace safiya daga Oktoba zuwa Afrilu, amma ranar ya ce ya bari, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don ban taɓa ganin Baba ya yi magana biyu ba.

Bahon ruwan zafin da muka sa masa a bayan gida don ya rage masa kewa, shawararka ce, kuma kai ka dage a sayi mai na'urar gishiri don kada ya riƙa fama da ƙwayoyin magani. Ka san ni da takardar bayani, sai da na karanta ta sau biyu kafin mai haɗawa ya gama ɗaura bututu. Gaskiya abin ya burge ni. Wani farin gishiri ake zubawa a ruwan sau ɗaya, gishirin buromin, ba na miya ba. Ruwan yana bi ta cikin wani ɗan bututu mai faranta biyu, wutar lantarki kaɗan ta ratsa su, sai gishirin ya rikiɗa ya zama buromin mai kashe ƙwayoyin cuta. In ya gama aikinsa ya sake komawa gishiri, ya sake biyowa ta farantan, haka yake ta zagaye ba ya ƙarewa. Kuma ba ya bin tururi ya tashi, ruwa ne kawai ke tashi ya bar shi. Saboda haka ba a ƙara shi sai ranar da aka zubar da ruwa aka zuba sabo, duk wata uku ko huɗu. Aikina duk Asabar in na je shi ne in tsoma 'yar takardar gwaji in ga launi, in wanke mataci, sannan in duba lambar da na'urar ke nunawa ta yawan gishiri. Wajen dubu ɗaya da ɗari biyar ake so ta tsaya.

Ranar da aka kawo bahon, a watan Oktoba, Baba ya zagaya shi sau biyu hannu a baya, ya ce wato mun haɗa baki mun sayo tukunya mu dafa shi kamar dankali. Ya ce saura mu zuba masa man shanu. Makonnin farko shiga yake yi kamar mai shan magani, minti goma ya fito. Amma daga tsakiyar Nuwamba sai na ga mutum ya sake. Fuskarsa ta yi ja, yana cinye baƙin burodi yanka huɗu da kifi, yana tsokanar kowa, har ya koma fito yana wanke kwanuka. Ka tuna na yi ta yi maka alfahari a waya, ina cewa ka ga abin da ruwan zafi ke yi wa tsoho.

A farkon Disamba lambar ta nuna dubu ɗaya da ɗari bakwai. Na ce tururi ne ya rage ruwa, gishiri ya yi kauri. Na ƙara ruwa har ya kai layi, ta ɗan sauka kaɗan, na tafi gida hankalina kwance. Bayan Kirsimeti sai ga ta a dubu biyu da ɗari ɗaya. Nan fa abin ya fara sosa ni, ka san ni in abu ya ƙi ba da ma'ana ba na iya barinsa. Na kwance bututun, na ga farar ƙasar nan ta ruwanmu ta kama farantan kamar yadda take kama cikin butar shayi. Na jiƙa su a ruwan khal, mai tsamin nan na girki, rabin awa har suka yi fes, na mayar ina jin kaina kamar injiniya. Lambar ko gezau. Ƙarshen Janairu ta kai dubu biyu da ɗari tara, jan haske ya kama, na'urar ta kashe kanta, don haka aka yi ta in gishiri ya wuce kima. Ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, takardar gwaji ta fito fara fat, alamar babu ko ɗigon buromin a ciki. Na zubar da ruwan duka, na goge bahon, na cika shi, na auna gishiri a sikeli da hannuna. Sannan na yi abin da na ji kunyarsa, na ɗauke bokitin gishirin na sa a but ɗin mota na taho da shi Aalborg, don zuciyata ta fara raya mini cewa Baba ne ke ƙarawa. Bayan mako biyu na dawo, lambar tana dubu biyu da ɗari biyu.

Sai na ɗebi ruwan a kwalba na kai shagon da muka sayi bahon. Akwai wata mata a wurin, Solvej, mai haƙuri da masu tambaya irina. Ita ta fahimtar da ni cewa na'urar ba ta san gishiri kala-kala ba. Abin da take aunawa kawai shi ne yadda wuta ke wucewa ta cikin ruwa, saboda haka a wurinta duk gishiri gishiri ne. Ta shiga ciki da kwalbar, ta daɗe, ta fito ta ce gishirin buromin ɗin daidai yake yadda na zuba, ba a ƙara ko cokali ba. Sauran duk gishirin miya ne. Daga nan ta sauke murya ta tambaye ni shekarun Baba, na ce tamanin da uku. Ta ce ita ma mahaifiyarta da sukari ta fara, a injin wanki take zubawa tana cewa sabulu ne. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ban san yadda na fito daga shagon ba.

A ranar na tambaye shi. Yana shafa wa burodi man shanu, na ce Baba, ko kana zuba gishirin miya a baho? Ya yi ta shafa wuri ɗaya. Can ya kira ni da sunan yarintata ya ce, “Mai yiwuwa ni ne, Vibse. Ba na tunawa.” Yaya, Baba ne fa, wanda har yau zai faɗa maka lambar injin kowane jirgin kamun kifi da ya gyara a tashar nan, har waɗanda aka farfasa tun muna firamare. Na daure na gama kofi, na yi masa sallama, da na kai wajen dajin nan na kan hanya na faka mota na yi kuka har na gode Allah. Da yamma na kira Goggo Ragna, tunda ita ce ƙanwarsa kuma gida uku ne tsakaninsu, na ce ko ta lura da wani abu. Ta yi ajiyar zuciya ta ce ayya, ai dama ta ga kwanan nan yana ɗan rikicewa, amma kada in ɗaga hankalina. Washegari na karɓar masa ranar gwajin ƙwaƙwalwa a asibiti, ashirin ga Maris. Ban faɗa maka ba, shi ya sa ka ji ina gajarta waya a watan Fabrairu. Na san in sharaɗin farko ya karye zaman gida ya ƙare masa, kuma na kasa furta shi da bakina.

Amma ko a cikin baƙin cikin, lissafin ya ƙi bari na. Bahon yana cin lita dubu ɗaya da ɗari uku. Na zauna da fensir na ga kafin lambar ta hau yadda ta hau a karon farko, sai an zuba gishiri kusan kilo biyu, a karo na biyu kuma kusan kilo guda cikin mako biyu. To ina Baba ya samo shi? Tun da likita ta hana shi gishiri, 'yar kwalba ɗaya ce a gidan, wadda ko kofin shayi ba ta cika ba. Na manna mata ɗan tef daidai inda gishirin ya tsaya. Asabar ta zagayo, gishiri yana kan tef, lambar kuwa ta ƙaru da ɗari uku. Na shiga rumfar kaya na duba buhun gishirin da ake watsawa a ƙofar gida saboda santsi, ko ɗinkin bakinsa ba a farke ba. Har kantin gari na je, na yi kamar hira nake, mai karɓar kuɗi ta ce ita dai rabon da ta ga Baba Ejnar ya sayi gishiri tun matarsa na da rai. Ga kuma wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Na'urar tana da matakai, gwargwadon yawan masu shiga, kuma tun Disamba na kai ta matakin da takarda ta ce na iyali ne, duk da haka buromin da kyar yake isa. Na riƙa tambayar kaina wane irin datti ne a jikin tsoho ɗaya da ke wanka kullum.

Mataci ne ya ba ni amsa. Ina fesa masa ruwa a kan siminti sai na ga abin da ke fita fari ne, mai laushi. Na murza a yatsa, yashi ne. A cikin wani lanƙwasa kuma ga wani ɗan koren zare, ciyawar teku. Na nuna wa Baba, ya karɓa ya juya shi ya ce iska ce, ai iskar gabas ba abin da ba ta kawowa. Na kalli murfin bahon mai makulli huɗu, na kalle shi, ya ce bari ya je ya ɗora kofi.

Ranar Alhamis da ta wuce na ɗauki hutu ban faɗa wa kowa ba. Na faka a tashar jiragen ruwa na biyo ta bakin teku a ƙafa, na laɓe a bayan tudun yashin da muke zamiya a kai muna yara. Ƙarfe takwas daidai, gari ya yi haske, sai ga fararen rigunan wanka uku sun ɓullo daga ƙofar bayan gidanmu, kowa da hular ulu, jikinsu na tururi. Goggo Ragna ce a gaba, Baba a tsakiya, Kawu Viggo a baya riƙe da jan bokiti. Na buɗe baki zan ƙwala kira, sai na tuna zuciyar da nake tsoro ita zan firgita, na rufe bakina da hannu. Goggo ta fara sauka ta fito. Baba ya ajiye riga, ya juya baya, ya bi tsanin a hankali mataki-mataki har ruwa ya kai masa wuya, hannunsa bai saki ƙarfe ba. Kawu Viggo yana durƙushe a kansa da agogo a hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu, daga baya na gane maganin feshin zuciya ne da waya a leda. Na ƙirga ashirin, ban taɓa jin ashirin mai tsawon wannan ba. Baba ya fito ja wur, ya ɗaga kai sama ya yi wannan ihun nasa da ake ji har tasha. Kawu Viggo ya yi nasa, ya ciko bokiti, suka juya gida a jere, takalman robarsu na wanka suna ta caɓal-caɓal.

Na bi su a baya na leƙa ta shinge, a nan na ga gishirina da idona. Ba wanda ya ko kalli famfo. Da takalman nan cike da ruwan teku suka faɗa bahon, su ukun. Bayan ɗan lokaci zafi ya kama Goggo, ta ce a ba ta, Kawu Viggo ya ɗebo daga jan bokiti ya sheƙa mata a ka tana zaune a ciki, ya sheƙa wa Baba, ya juye sauran a kansa. Ashe sau uku suke wannan zagaye kowace safiya, ban da Asabar, ranar zuwana.

Da na turo ƙofar shinge, Goggo ta nutse har haɓa, idanu kawai ake gani. Kawu Viggo ko a jikinsa, ya taɓa Baba da gwiwar hannu ya ce, “Ejnar, gyara zama, ga hukuma ta iso. Ba na ce maka injin nan ɗan leƙen asiri ba ne? Tun ranar da na ga yana ƙifta jan ido na san ba zai rufa mana asiri ba.” Ni kuwa da na shirya faɗa tun daga tudun yashi, ka san abin da ya fara fita daga bakina? Cewa na yi, don Allah me ya hana ku ɗauraye jiki kafin ku shiga? Sai ga su ukun sun taso mini a tare kamar na zagi iyayensu. Goggo ta fito da kai ta ce a wanke teku, ina aka taɓa yi, ai amfanin a jikin fata yake zama, wanda ya ɗauraye ya sha sanyin banza. Kawu Viggo ya ce shekararsa hamsin bai taɓa ɗauraye teku ba kuma bai taɓa mura ba, 'yan Aalborg ne ke wanke komai har lafiyarsu. Na juya ga Goggo na ce, Goggo, ba ke kika ce mini yana rikicewa ba? Ta ce, “To ƙarya na yi? Shekaranjiya hular Viggo ya sa ya tafi da ita gida.” Baba ne kaɗai bai yi dariya ba.

Da suka tafi muka zauna a kicin. Ya ce mako na biyu na Nuwamba ya fara, kuma bahon ne ya jawo. Ya ce mun kawo masa rabin abu. Duk shekarun nan daga ɗakin nan mai zafi da ake shiga a yi gumi, na ƙungiyarsu ta masu wankan teku, yake fita ya faɗa teku, jikinsa ya san in zafi ya cika abin da ke biye. Sai ga shi zaune cikin ruwan zafi, teku tana taku sittin daga shinge, yana jin ƙararta. Ya yi mako biyar yana daurewa, ran nan ya tashi ya tafi shi kaɗai. Goggo ce ta hango shi ta taga, ta kira Kawu Viggo, suka ce tunda ba zai hanu ba, gara su tsaya a kansa. Na ce duk na ji, amma me ya sa ka ce mini ba ka tunawa? Ya ce auna abin ya yi. Gwajin ƙwaƙwalwa dai zai ci shi ko daga barci aka tashe shi, kuma kafin a yi a gama, Maris ya ƙare, ruwa ya fara ɗumi, lokacin wanka ya wuce. “Amma in na ce miki teku ne, na ɗora miki kaya. Ko ki ɓoye wa yayanki, ke kuma ba ki iya ƙarya ba, ko ki kai ni Frederikshavn da hannunki.” Na ce masa to ka san na faka a hanya na yi kuka ranar? Ka san mako uku ina kallonka ina neman abin da ya rage na ubana? Bai sani ba, Yaya. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce in yafe masa, kuma a iya sanina wannan ne karo na farko da na ji kalmar a bakinsa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. Ranar Juma'a na soke gwajin, na kuma yi magana da likitarsa. Ta ce ra'ayinta bai canza ba, ruwa mai sanyin nan yana iya tsayar da zuciya irin tasa nan take, fita daga zafi zuwa sanyi kuma ya fi muni. Ta ce ba za ta iya cewa yaushe ba, mai yiwuwa gobe, mai yiwuwa ba zai taɓa faruwa ba. Na maimaita wa Baba kalma-kalma. Ya ce ai bai ce ƙarya take yi ba. Ya ce daga Afrilu zuwa Nuwamba ya bi duk abin da aka ce, ya sha magani, ya bar gishiri, ya zauna a kujera, kuma in an tambaye shi abin da ya yi a watannin nan bakwai, a nan ne da gaske ba ya tunawa.

Jiya Asabar na sake zubar da ruwan, na wanke mataci, na auna sabon gishiri. Sannan na tara su ukun na kafa doka: bokiti ya tsaya a gada, takalma a cire a bakin shinge, kowa ya ɗauraye a famfon lambu kafin ya taɓa baho. Kawu Viggo ya ce wannan zalunci ne, zai kai ƙara majalisa. Ina cikin nuna musu inda za su rataye takalma na ankara da abin da nake yi, wato na zo hanawa na ɓuge da tsara musu yadda za su ci gaba. Goggo ta lura, ta ce tunda na zama shugaba sai in shiga in san abin da nake mulki. Ta ara mini takalma da hula. Yaya, na shiga. Ma'auni ya ce ruwan digiri uku ne, kusan ƙanƙara. Numfashina ya ɗauke, na ji kamar an ɗaure mini ƙirji da waya, na zagi Goggo zagin da ban san na iya ba, Baba yana sama yana cewa in fitar da iska a hankali, in dube shi, kada in dubi ruwa. Sakan takwas na yi. Da na fito duk jikina ya ɗauki wani irin zafi mai daɗi, na kama dariya ba dalili har da hawaye. Ban ce na fahimci komai ba, kuma tsorona bai ragu ko kaɗan ba. Amma na daina ganin abin a matsayin taurin kan tsoho kawai.

Da zan tafi na ga tsohon akwatin nan ruwan ƙasa a bakin ƙofa. Shi da kansa ya hau sama ya sauko da shi. Na ce wannan fa? Ya ce ya ɗauki alkawari a gaban mutum biyu kuma ya karya, ba zai sake ɗaukar wani ba don ya san zai sake karyawa. Ya ce in rubuta maka komai, kada in rage. In ka ce ya tafi Frederikshavn zai tafi, ba zai yi gardama ba, ba kuma zai riƙe ka a zuciya ba, don ya san tsoro ne irin na ɗa. Abu ɗaya kawai ya roƙa, in za a nema masa ɗaki, a nemi wanda tagarsa ke kallon gabas, wajen teku. Da ya koma cikin gida, na buɗe akwatin. Ya riga ya jera riguna shida, da rezarsa, da hoton Mama.

Ni dai ra'ayina a bar shi. Na san abin da hakan ke nufi, na san wata safiya waya na iya bugawa, kuma ni ce ke kusa, ni zan fara ɗauka. Na yarda da wannan. Amma uban mu biyu ne, kai ma kana da hakkin jin tsoronka, kuma ba zan ce ka yi laifi ba duk abin da ka zaɓa.

Ka gaida mini Ximena da kyau, ka ce mata hular da ta saƙa wa Baba ita ce ke zuwa gada kullum, in Kawu Viggo bai riga shi ɗauka ba. Ka shafa mini kan Asger da Paloma, Allah ya raya su, ya ba Asger sa'ar jarrabawa. Flemming da Signe suna gaishe ku. Goggo Ragna ta ce a gaishe ka, wai kuma kada ka ga laifinta, ita 'yar rakiya ce. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

In ka gama karantawa kada ka kira ni, shi za ka kira. Ya ce akwatin zai zauna a bakin ƙofa, ba zai ƙara masa kaya ba, ba kuma zai mayar da shi sama ba, sai ya ji daga bakinka.

Ƙanwarka mai kewarka kullum,
Vibeke.